Turamen Dutse da Barikin Ɗanjuma

Da kakar bara, lokacin da ganye ya fara ja, na matsa wa surukina ya kai ni wani wuri gaba da garin Sterling. Yaron kirki ne, bai yi musu ba, ko da yake na ga alama bai gane abin da tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta je nema a daji ba. Na riƙa nuna masa hanya da ka, bi nan, karya nan, har muka iso inda na san akwai wata 'yar hanyar tsakuwa da ke shiga cikin itatuwa. Babu hanyar, babu itatuwan. Shingen ƙarfe ne ya miƙe iya ganin ido, bayansa kuma wani ƙaton gini mai launin toka, ba taga ko ɗaya, irin waɗanda suka cika yankin yanzu, waɗanda aka ce na'urori ne kawai a ciki. Na sauke gilashi ban ji tsuntsu ba, ban ji ruwa ba, sai wani gurnani da ba ya yankewa. Mai gadi ya leƙo, surukina ya tambaye shi ko ana iya gangarawa rafi ta nan. Ya ce shi bai san da wani rafi ba.

Surukina ya ce, "Mama, ko dai ba nan ba ne?"

Na ce, "Nan ne. Juya mu tafi."

Tun daga ranar raina yake a ɓace. Ba da masu ginin nake fushi sosai ba, su ba su san mu ba. Sun zo sun tarar da wuri babu mai zuwa, suka kewaye abinsu. Mu ne muka riga muka bar shi, kuma na san yadda muka bar shi, na san waɗanda suka sa.

Da ƙuruciyata na zo ƙasar nan, na biyo maigidana. Aikin farko da na samu a gidan kula da tsofaffi ne. Wata rana muna ɗaga wani dattijo daga gado zuwa kujera, ni da wata mata da na ɗauka 'yar Ghana ce, sai na ji ta ce a hankali, "Wash, bayana." Saura kaɗan in saki dattijon. Da muka ajiye shi na ce mata, "Baiwar Allah, daga ina?" Ta dube ni kamar ta ga fatalwa, ta ce daga Jos. Na ce ina a Jos? Ashe ba cikin gari ba ne, barikin kuza ne, kamar ni. Barikinsu da namu tafiyar ƙafa ce. Ubana da ubanta duk sun ɗauki kwanon sarki a ka, sun kwashi jar ƙasa a ramin kamfani har bayansu ya ranƙwafa. Sunanta Rifkatu, amma ban taɓa kiranta da shi ba, Maman Bitrus nake ce mata, ita kuma ta ce min Maman Safiya. Mijinta Ɗanjuma direban tasi ne, yana jigila daga filin jirgin Dulles, dogo ne mai son dariya, wanda ba ya iya wuce hanya bai tambayi inda ta nufa ba.

Wanda bai zauna nan a lokacin ba, ba zai gane yadda Hausa take da tsada a kunne ba. Ba mu da yawa. In ka ji mutum ya ce sannu a kanti, sai ka bar abin da ka zo saya ka bi shi. Babu mai tambayar masallaci kake zuwa ko coci, sai dai a tambaye ka ko ka san inda ake samun daddawa. Duk Kirsimeti maigidana ne ke yanka wa su Ɗanjuma akuya a wata gona bayan garin Upper Marlboro, don mu ma mu ci, yadda ake yi a bariki. Da Sallah kuwa Ɗanjuma ne ke riƙe ƙafar rago, kuma shi ke fiɗa, don Malam nawa ko kaza ya fiɗe sai an yi masa gyara. Yanzu fa? Yanzu mun yi yawa, alhamdu lillahi, har mun ishi kanmu. Kowane ɓangare da ƙungiyarsa, da shugabanta, da ankonta, da ranar da take kama rumfa a wurin shaƙatawa. Na taɓa ganin rumfa biyu a fili guda, nan ana gasa nama ana Hausa, can ma ana gasa nama ana Hausa, hayaƙinsu na haɗuwa a sama, su kuwa ko kallon juna ba sa yi. 'Ya'yansu na aji ɗaya a makaranta ba su san iyayensu daga tudu ɗaya suka fito ba. Wai wannan shi ne ci gaba.

Ɗanjuma ne ya samo mana wurin. Wani tsoho mai kamun kifi ya ɗauka a tasinsa, suka yi ta hira, tsohon ya kwatanta masa. Ranar wata Asabar ya kira ya ce kowa ya sa takalmin da ba ya tsoron laka. Na ce ni ban tsallako teku don in shiga daji ba, dajin da na baro ya ishe ni. Ya ce, "Maman Safiya, ki zo kawai. In ba ki gode min ba, ni zan wanke miki tukwane." Muka cika mota biyu, mu da yara da kuloli, na toya mana masa, Rifkatu ta dama gwaten acca, muka bi shi.

Inda ake ajiye mota wani ɗan fili ne na tsakuwa, daga nan sai ƙafa. Hanyar siririya ce, mutum ɗaya take ci, ta ratsa cikin dogayen itatuwa da rana ba ta isowa ƙasansu sai ɗigo-ɗigo. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi, da tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa bishiya kamar kafinta, da nishin Malam da kula a kafaɗa yana cewa wa ya sa duwatsu a ciki. Ɗanjuma na gaba da sanda yana nuna wa yara ganyen da ke sa ƙaiƙayi, yana ce musu da Hausa kada su taɓa, su kuma suna amsa masa da Turanci. Rifkatu na baya tana duba wuyan kowa ko kaska ta hau. Hanyar takan hau tudu har numfashi ya ƙare, sannan ta gangara. A gangaren nan ne ake fara jin ruwa, kafin a gan shi. Da an ji shi yara sai gudu, mu kuma sai ihun ku tsaya.

Rafin ba babba ba ne, reshe ne da ke tafiya ya faɗa kogin Potomac. Amma a wannan wurin ya bi ta kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, kuma ya ƙwaƙule dutsen ya yi masa ramuka zagayayyu, sumul, kamar da hannu aka sassaƙa. Ina ganinsu na ce, "Turame." Rifkatu ta ce, "Wallahi turame," ko da yake ita ba ta cika rantsuwa ba. Sunan ke nan da ya bi su. Wani kamar ƙwarya, wani kamar turmin daka, wani kuma babban mutum zai tsaya a ciki ruwa ya kai masa ƙirji. A gindin kowanne akwai dunƙulen dutse ko biyu, masu santsi kamar ƙwai. Ɗanjuma ya sa hannu ya ɗauko ɗaya ya nuna wa yara, ya ce wannan ne ke juyawa in ruwa ya cika, shi ke cin dutsen a hankali tun kafin a haifi kakan kakansu. Ya ce kowa ya riƙe ya ji, sannan a mayar, don aikinsa bai ƙare ba. Ruwan cikin turamen sanyi gare shi har cikin ƙashi, ko da tsakiyar zafi. Ni da Rifkatu mukan zaɓi turmi guda mu zuba ƙafafunmu tare, ƙafafun da suka yi mako suna zarya a kan siminti, mu yi shiru. Ba mu cika hira a wurin ba, ruwan ya ishe mu. Yara na kamun 'ya'yan kwaɗi da kofi. Lemo a cikin ƙaramin turmi muke jera shi ya yi sanyi. In azahar ta yi mu yi alwala a nan, Ɗanjuma ya dubi rana ya ce, "Malam, gabas ɗinku ta nan," ya tattara yaran can gefe ya hana su hayaniya har mu sallame.

Akwai wani kufan ƙauye a tsallaken rafin, amma ba a zuwan farko muka gano shi ba. Sai da muka saba da wurin, wata rana Ɗanjuma, da ba ya zama, ya haura wancan tsallaken ya daɗe, ya dawo yana kiranmu da hannu. Muka tsallaka ta kan duwatsu muka bi wata tsohuwar hanya da ciyawa ta cinye. Abin da muka fara gani bututun hayaƙi ne na dutse, tsaye shi kaɗai a tsakiyar daji, gidan da ke jikinsa ya tafi. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma, a jere, da tushen ɗakuna ƙanana kamar akurki, duk girmansu ɗaya. Ga matakala da ba ta hawa ko'ina. Ga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ta yi tsatsa, bishiya ta tsiro ta cikinta. Can gefe tulin tsakuwa mai launin kore-kore, wanda ko ciyawa ta ƙi shi. Daga baya wani Bature mai yawo da kare ya ce mana tagulla aka haƙa a wurin, da abin ya ƙare kamfani ya kwashe injinansa, mutane suka watse. Amma mu ba mu buƙaci a faɗa mana ba. Ina ganin jerin ɗakunan nan na san layin leburori ne. Na san babban tushen da ke kan tudu, mai fuskantar iska, gidan manaja ne. Rifkatu ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ashe su ma an yi musu."

Ranar mun yi surutu kamar an buɗe famfo. Muka riƙa nuna wa yara, nan ne kanti, nan ne inda ake awo, muna ba su labarin namu barikin: jiniyar asuba da ke tashin kowa, mata a bakin kududdufi suna juya ƙwarya har baƙar kuza ta kwanta a gindi, jar ƙasar da ba ta fita daga farce ko an yi wanka da soso, da yadda kamfani ya tafi ya bar mana ramuka cike da ruwa suna cin awaki da yara. A ƙarshen ƙauyen akwai kaburbura, duwatsu ne kawai aka kafa, yawanci babu rubutu. Malam ya ɗaga hannu, Ɗanjuma ya cire hula. Babu wanda ya san addinin waɗanda ke kwance, babu kuma wanda ya tambaya. Daga ranar muka sa wa wurin Barikin Ɗanjuma, shi kuma ya naɗa kansa manaja, yakan hau matakalar nan ya ce duk lebura ya zo a auna aikinsa kafin a ba shi masa.

Mun yi shekaru muna zuwa kafin abin ya faru. Safiya lokacin ba ta gama firamare ba, yarinya ce mai tsince-tsince, aljihunta kullum cike da fasassun kwalabe masu launi da take samu a ƙauyen. Ranar ganye ya zuba ya rufe ko'ina. Ina zaune a kan wani tushe na hango ta ta nufi bayan gidan manaja, inda ƙasa ta ɗan lotsa kamar faranti. Na miƙe zumbur, don mahaifiyata ta sha ja mana kunne a bariki cewa duk inda ƙasa ta lotsa ba gaira ba dalili, kewaya shi ake yi. Na buɗe baki in kira ta, sai na ji ƙarar ruɓaɓɓen katako. Ashe tsohon ramin haƙa ne aka rufe bakinsa. Yarinyar ta nutse har ƙugu, ta riƙe gefen wani katako, ba ta ko yi kuka ba, idonta kawai ta zuba min. Ɗanjuma ne ya fi kusa. Bai tsaya tunani ba, ya faɗa rub da ciki ya damƙi bayan rigarta, ya wurgo ta waje kamar ƙunshin kaya. Sai sauran katakon ya tafi da shi.

Na ji faɗuwarsa. Bayan nan ba abin da ke motsi sai ƙura da ganye suna bin sa ciki. Rifkatu ta kira sunansa, sunan da ban taɓa jin ta faɗa a gaban mutane ba. Can sai murya ta fito daga ƙasa, ƙarama: "Yarinyar ta fita?"

Waya ba ta kamawa a wurin. Malam ya yar da hularsa ya ruga hanya neman taimako, mutumin da ban taɓa ganin gudunsa ba. Rifkatu ta kwanta rub da ciki ta ja jiki zuwa bakin ramin, ni kuma na zauna na riƙe idon sawunta da hannu biyu, Safiya na manne a bayana. Haka muka zauna, ban san iya tsawon lokacin ba. Rifkatu ta ƙi barin sa ya yi shiru. Ta yi masa addu'a, ta yi masa waƙar coci, da ta ga muryarsa na raguwa sai ta koma faɗa.

Ta ce, "Kai da ka ce babu inda ba ka sani ba a dajin nan."

Ya ce, "Sama na sani. Ƙasan ne yau na zo dubawa."

Ta yi dariya tana kuka. 'Yan kwana-kwana suka zo da igiyoyi suka fito da shi a ɗaure kan katako, fuskarsa ta yi fari da ƙura. Ƙugunsa ya karye, sai da aka sa masa ƙarfe. A asibiti, ina tsaye, Malam ya kama hannunsa yana hawaye ya ce, "Baban Bitrus, ko ciki ɗaya muka fito iyakar abin da za ka yi min ke nan."

Ɗanjuma ya ce, "Malam, bar wannan magana. Da Bitrus ne, ba za ka yi ba?"

Malam ya ce, "Zan yi. Allah ne shaida."

Da kunnena na ji. Ɗanjuma bai sake tafiya daidai ba, ya koma ɗingishi da sanda, zaman mota mai tsawo ya zame masa azaba. Amma da ya warke shi ya fara cewa a koma. Rifkatu ta ce ba da ita ba. Ya ce ramin bai kore shi daga barikinsa ba. Muka koma, a hankali, yana hutawa a kan kowane kututture, Safiya na riƙe masa kula. Ƙauyen dai daga nesa muke kallonsa, amma turamen sun ci gaba da ganinmu kowace bazara.

Rikicin garinmu Jos ba sabo ba ne, an yi wani tun muna sababbin zuwa. Wancan karon da katin waya ake kiran gida, layi ba ya shiga. A falo ɗaya muka taru, mu da su, kati na yawo daga hannu zuwa hannu, in an samu ɗan'uwan wani da rai kowa ya yi hamdala. Amma da aka sake yi bayan shekaru, waya ta riga ta zama mai hoto. Abin da ido bai kamata ya gani ba ya riƙa shigowa aljihun kowa, safe da rana. An kashe ƙanen Malam a hanyar kasuwa. An kashe yayar Rifkatu da 'ya'yanta a ƙauyensu. Ban raina ko ɗaya ba, na yi kukan duka biyun. Abin da ba zan yafe ba shi ne abin da mutanenmu na nan suka yi da wannan jinin. Mutane a zaune a gidaje masu ɗumi, cikinsu a ƙoshe, babu mai bin su da adda, suka mayar da tura hoton gawa sana'a. Aka fara taro a ɗakin ƙasa na gidan wane, ana cewa a san da wa ake cin abinci. Waɗanda suka fi ɗaga murya ba su taɓa kwana a Jos ba, ba su binne kowa ba. Can ɓangaren su Rifkatu ma haka, na samu labari, da nasu masu ɗaga muryar. Malam ya riƙa dawowa daga taron nan fuska a murtuke. Na ce masa ƙaninka ba Ɗanjuma ya kashe shi ba. Ya ce in bar maganar da ta fi ƙarfina.

Da Kirsimeti ta matso Ɗanjuma ya kira, Malam bai ɗauka ba. Ya sake kira. Rannan da hantsi sai ga shi a ƙofarmu, ya hau matakalar gidanmu da sandarsa, da kyar. Malam ya tare shi a bakin ƙofa, bai ce ya shigo ba. Ina tsaye a bayansa.

Ɗanjuma ya ce, "Malam, akuya na can a gona, an ɗaure mana ita."

Malam ya ce, "Bana ka nemi wani."

"Wani wa? Kai ne mai yanka min."

"Abubuwa sun canja, Baban Bitrus."

Ɗanjuma ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Ya ce, "Na zo maka ta'aziyyar ƙaninka, ka karɓa. Matata ma ta yi rashi. Ni dai ban canja ba." Ya leƙo ta kafaɗar Malam ya ce, "Maman Safiya, a gaida 'yata." Ya juya ya fara sauka, matakala ɗaya-ɗaya, yana jan ƙafar nan. Na ture Malam na bi shi na riƙe masa hannu har mota. Da na dawo na faɗa wa Malam maganganun da ban taɓa faɗa masa ba tun aurenmu. Ya saurara, ya shiga ɗaki ya rufe.

Na ɗauka ko maza sun lalace, ni da Rifkatu za mu riƙe namu. Sai na ga ta canja ranakun aikinta. Na tare ta a ɗakin canja kaya na ce, "Maman Bitrus, me na yi miki?"

Ta ce, "Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa kike guduna?"

Ta sunkuyar da kai tana ɗaure takalmi ta ce, "In na ga mayafinki, abin da aka turo min nake gani. Ki yi haƙuri. Ba na iyawa."

Mayafin da ta sha ara ta rufe kanta in rana ta yi zafi a bakin rafi. Ita ma na yi fushi da ita, har yau da saura. Na kira ta da Sallah, na kira ta da Ista, tana amsawa a gajarce, har na gaji. Bazara ta zo ta wuce babu wanda ya ce a sa takalmin laka. Ta sake zuwa ta wuce. Yara suka girma, suka tafi jami'a. Shi ke nan yadda muka bar wurin. Babu wanda ya kore mu.

Safiya ce ta zo min da labarin rasuwar Ɗanjuma, don ita da Bitrus ba su taɓa yanke zumunci ba, su ba su ga dalili ba. Zuciyarsa ce ta tsaya. Ta tako tun daga inda take aiki ta ce wa babanta ya shirya mu je. Malam ya tsufa lokacin, taron ɗakin ƙasa ma ya daɗe da mutuwa, masu ɗaga muryar sun koma faɗa da juna kan shugabanci. Ya sa riga, ya sa hula, har ya sa takalmi. Sai ya zauna a kujera ya ce mu je kawai, shi bai san da wane ido zai shiga gidan ba, kuma mutane za su yi magana. Safiya ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, da bai kama rigata ba, wa za ka aika yau?" Muka tafi mu biyu.

Gidan a cike yake, ana waƙa a hankali. Da muka shiga da mayafanmu waƙar ta rage. Na ji wata daga gefe ta ce, "Su kuma wa ya kira su?" Ban kalle ta ba. Rifkatu na zaune a ƙasa kan katifa, ta rame, gashinta ya yi fari fat. Ta ɗago ta gan mu. Safiya ta durƙusa ta faɗa jikinta, Rifkatu ta riƙe ta tana shafa bayanta tana cewa, "'Yarsa ta zo." Na zauna kusa da ita na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sai ta duba bayana, wajen ƙofa.

Ta ce, "Malam fa?"

Na ce, "Bai zo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Da yake asibiti na ce masa mutumin nan ya manta da kai. Ya ce a'a, kunya ce ta riƙe shi, ranar da na mutu zai zo, ki sa a ba shi kujera a gaba." Ta nuna min da haɓa. Ga kujerar can kusa da hotonsa, mutane a tsaye a jikin bango, babu wanda ya zauna a kai.

Da la'asar muka dawo gida. Malam na nan inda muka bar shi, da hularsa da takalminsa. Ya dube ni ya ce, "An samu mutane?"

Na ce, "An samu. Kai kaɗai aka tambaya."